TARIHIN KEKEN ƊINKI: ƘAIMI A ƘAFA, LINZAMI A HANNU

Yau shagon tela za mu leƙa, mu ɗauko wani ɗan tarihi da ke ɓoye a gefen keken ɗinki.

Duk wanda ya taɓa zaman jiran ɗinkinsa ya ga wannan abu, ko da bai mai da hankali ba. Kafin keke ya tashi, sai tela ya kai hannun dama ya shafo ɗan wilin nan da ke gefen kan keken, ya jawo shi ta wajensa, sannan ƙafa ta karɓa. In ya zo kwana, hannun ya koma kan wilin. In zai tsaya, nan ma hannun ne. To tunda sunansa keken ƙafa, me hannu yake nema a wurin? Amsar ta haɗa da ƙira, da shari'a, da likitoci, da lantarki, kuma ta faro tun fiye da shekara 170 da suka wuce.

KAFIN A SAMU WILI

Shekaru aru-aru da allura da zare ɗan Adam yake ɗinki. Gwanar mai ɗinkin hannu takan yi suka 30 zuwa 40 a minti ɗaya. A irin wannan ɗinki babu maganar sarrafa gudu, domin hannun da ke suka shi ne ke tsayawa idan ya ga dama. Maganar ta taso ne ranar da aka raba mai ba da ƙarfi da mai ba da umarni.

A 1790 wani kafinta a Ingila mai suna Thomas Saint ya yi rajistar zanen wata na'urar ɗinkin fata. Takardar ta shige cikin tarin takardun ofis, ba a sake jin ɗuriyarta ba sai a 1874. Wanda ya fara sa na'ura ta yi ɗinkin kasuwa shi ne wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, wanda ya yi rajistar tasa a 1830. Na'urar katako ce mai allura mai ƙugiya, zare ɗaya take amfani da shi, ɗinkinta kamar sarƙa. Da ƙafa ake taka ta, amma takun kai tsaye yake danna allura ƙasa, wani ƙarfe mai tsalle ya mai da ita sama. Taku ɗaya, suka ɗaya. Ka ɗage ƙafa, komai ya tsaya. Yadin kuwa da hannu ake tura shi. Ya kafa irinta 80 a birnin Faris suna ɗinka kakin soja, sai a farkon 1831 teloli masu ɗinkin hannu suka afka wa wurin suka farfasa su, don tsoron kada a raba su da abincinsu. Thimonnier ya rasu a 1857 cikin talauci.

A Amurka, Elias Howe ya samu rajista ranar 10 ga Satumba, 1846, a kan ɗinki mai zare biyu, na sama da na ƙasa suna sarƙe juna, wato irin ɗinkin da ke jikin rigarka yanzu. Na'urarsa da hannu ake juya ta, tana yin suka 250 a minti, har ta taɓa kayar da mata biyar masu ɗinkin hannu a wata gasa a birnin Boston. Amma tana da babban aibi. A tsaye ake rataye yadi a jikin wasu ƙusoshi, in an ɗinka ɗan taƙi sai a tsaya a cire a sake ratayewa. Hannu ɗaya na can yana juyi, saura ɗaya kacal ya rage wa aiki.

AKWATIN SINGER

A 1850 Isaac Merritt Singer, makaniki kuma tsohon ɗan wasan kwaikwayo, ya shiga wani shagon ƙere-ƙere a Boston inda ake fama da gyaran wasu kekunan ɗinki da suka ƙi aiki. Cikin kwana 11, da rancen dala 40, ya fito da tasa ƙirar: yadi a kwance a kan tebur, allura miƙaƙƙiya tana sauka daga sama, da ƙarfen da ke danne yadi don kada ya biyo allura. Ya samu rajista ranar 12 ga Agusta, 1851.

Kekunan farko a cikin akwatin katako ake aika su ga mai saye. Sai aka tsara akwatin ya zama tebur, aka sa masa feda a ƙasa da sanda mai haɗa fedar da keken. Feda ba baƙuwa ba ce a lokacin. Turawa sun daɗe suna taka ta a keken kaɗin zare da injin sassaƙar katako, kamar yadda masaƙinmu ya daɗe yana aiki da ƙafafunsa a masaƙa don hannuwa su samu damar jefa ƙoshiya. Singer bai yi rajistar haɗa feda da keken ɗinki ba, don haka kowane kamfani ya ɗauka ya yi amfani da ita ba tare da biyan ko sisi ba.

Sauran sassan keken kuwa rigima aka sha a kansu. Howe ya kai Singer kotu ya yi nasara a 1854, aka biya shi dala 15,000. A 1856 manyan kamfanonin suka gaji da shari'a, suka haɗa haƙƙoƙinsu wuri ɗaya, yarjejeniyar da ta kai har 1877. Cikin abubuwan da aka haɗa akwai haƙoran nan da ke jan yadi daga ƙasa, ƙirar Allen Wilson ta 1854, masu motsi huɗu: su taso, su ja, su nutse, su komo. Daga nan keke ya ɗauki kamannin da muka sani. Ƙafa tana ba da ƙarfi, haƙora suna jan yadi, hannuwa biyu kuma aka ce an 'yanta su su kula da aiki. Haka masu talla suka riƙa faɗa. Sai dai hannun dama bai samu cikakken 'yanci ba, kuma dalilin yana ƙarƙashin tebur.

ABIN DA ƘAFA BA TA IYAWA

Mu sunkuya mu duba. Akwai feda, faffaɗan ƙarfen da ake ɗora ƙafa, wadda ke lilo gaba da baya. Akwai sanda da ta tashi daga fedar ta kama wani lanƙwasasshen ƙarfe mai gwiwa. Gwiwar ce ke mai da lilon feda ya zama zagaye, ta juya babban wili. Daga babban wili bel na fata ya hau sama ya zagayo ƙaramin wilin da ke jikin kan keke. Zagaye ɗaya na ƙaramin wili shi ne suka ɗaya cif: allura ta sauka, ta ɗan ɗago, zare ya yi ɗan kunne, bakin ƙoshiya ya cafke shi ya zagaya da shi bayan kwarkwaro, sannan ƙarfen da ke jan zare ya tsuke.

Wannan tsari yana da raunin da ya kasu uku.

Na farko, gwiwa tana da matattun wurare biyu a kowane zagaye. Idan sanda da gwiwa suka miƙe a layi ɗaya, ko ka hau fedar da duk nauyinka ba abin da zai motsa. Mai keken hawa ya san haka, lokacin da feda ɗaya take can sama ɗaya can ƙasa. Maƙeran jirgin ƙasa mai tururi sun sha wannan matsala, suka magance ta da sa gwiwa biyu da suka saɓa wa juna, in ɗaya ta mutu ɗaya na raye. Keken ɗinki gwiwa ɗaya gare shi.

Na biyu, ƙafa ba ta zaɓar alkibla. In ka taka, wili zai bi duk ɓangaren da gwiwa ta karkata lokacin da aka tsaya, ko gaba ko baya. A keken Singer da 'ya'yansa, dole saman wili ya juyo wajen mai ɗinki. In ya juya baya da zare a ciki, ƙoshiya ba za ta kama zaren yadda ya kamata ba, sai ya tsinke ko ya cukurkuɗe a ƙasa. Wannan ba dokar kowane keke ba ce, domin akwai na kamfanin White na Amurka da wilinsu ke juyawa ta can gaba, amma kowanne da alkiblarsa guda. Kamfanin Willcox & Gibbs har ɗan ƙwallon roba ya sa a jikin babban wili, wanda ke cije shi da zarar ya nemi komawa baya. Yawancin kamfanoni ba su bi wannan hanya ba, suka bar wa hannu aikin.

Na uku shi ne nauyin wili. An yi wa wilin nauyi da gangan don ya tara ƙarfi ya tsallake matattun wuraren nan, kamar dai ƙaton wilin injin niƙa. Amma abin da ya tara ƙarfi ba ya tsayawa don an ce ya tsaya. Ka cire ƙafa, keke zai ƙara 'yan suka nasa na kansa. Sannan ga lissafi. A keken gida babban wili yakan kai inci 12, ramin bel na ƙaramin kuma kusan inci 3, don haka lilon feda ɗaya yana haifar da suka kusan huɗu. In tazarar ɗinkinka milimita 2.5 ce, taku ɗaya ya cinye santimita ɗaya na yadi ke nan. A doguwar gefen zane wannan ba komai ba ne. A bakin aljihun kaftani ko tsinin kwala, santimita ɗaya ɓarna ce. In kuma shadda ce mai tsada, ko an farke ɗinkin sawun allura na nan yana kallon mai kaya.

Akwai wani abu da ke ba sabon ɗan koyo mamaki, wato a keken ƙafa tafiya a hankali ta fi gudu wuya. Ƙarfin da wili ke tarawa ba daidai da gudu yake raguwa ba: in ka rage gudu da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ne ya rage. Saboda haka da an sassauta sosai sai wili ya kasa haye mataccen wuri, ya tsaya ko ya dawo baya. Gudu kowa ya iya cikin kwana biyu. Sannu ita ce ke buƙatar malami.

AYYUKAN HANNUN DAMA

Daga waɗannan raunuka aka samu ayyukan da hannun dama ya gada, kuma har yau ba su canza ba.

Shi ke tayar da keke. Tafin hannu ya shafo saman wili ta wajenka, ya fitar da gwiwa daga mataccen wuri, ya nuna mata hanya, ƙafa ta karɓa ba tare da an ji gaɓa ba.

Shi ne birki. In an doshi kwana, ƙafa ta sassauta, tafin hannu ya kwanta a bayan wili yana gogarsa kaɗan-kaɗan. Da tafi ake yi, a kan santsin da'irar wili. Yatsa ba ya shiga tsakanin ƙarafan wilin yana gudu.

Shi ke zaɓar inda allura za ta kwana. In kwana za a yi, a tsaya allura tana cikin yadi, a ɗaga madannin, a juya yadin a kanta, a sauke a ci gaba. In cire aiki za a yi, a juya wili har ƙarfen da ke jan zare ya kai ƙarshen sama, in ba haka ba zare ya zare daga allura a tashi na gaba.

Shi ke tafiya da keke suka ɗaya-ɗaya a wurin da ƙafa ba ta da ta cewa: inda ɗinki ya hau ɗinki yadi ya yi kauri, kusa da haƙoran zif, wajen ɗaure bakin aljihu. A nan hannu yana jin abin da allura ke ji. In ta ci karo da abu mai tauri, hannu zai sani kafin ta karye.

Hannun hagu kuwa jagora ne kawai, ba ya jan yadi. Tazarar ɗinki ba ruwanta da gudu, domin haƙora da allura a sanda ɗaya suke ɗaure, ko da gudu ko a hankali tazarar ɗaya ce. Mai jan yadi don ya yi sauri allura kawai yake lanƙwasawa.

Kamfanin Singer ya san duk wannan, shi ya sa littattafan bayanin da yake haɗawa da kekunansa suke fara darasi da taka feda kafin a zo maganar zare. Ana umartar mai koyo ya sassauta ɗan murfin da ke tsakiyar wili don allura ta daina motsi, ya tayar da wili da hannu, ya yi ta takawa har ya iya tsayawa ya sake tashi ba tare da wili ya juya baya ba. Bayan nan ya ɗaure murfin ya gwada da ƙyalle ba zare. Sai ya ƙware a wannan sannan a ba shi zare.

Wuri ɗaya ne ƙafa ke zama ita kaɗai, wato wajen yin ado da keke. A nan ana rufe haƙora, a ɗaure yadi a zobe, hannuwa biyu su riƙe zoben suna yawo da shi a ƙarƙashin allura. Tsawon kowane suka ya dogara ga daidaiton saurin hannu da saurin ƙafa. Singer ya fitar da littafi guda a kan wannan fasaha a 1911. Akwai kuma keken ado na Cornely, wanda asalinsa ƙirar wani Bafaranshe ce mai suna Bonnaz a shekarun 1860, inda hannun dama ke ƙarƙashin tebur yana murɗa wani mariƙi da ke juya alkiblar ɗinki. Irinsa ya yi aikin wuyan riguna da yawa a Afirka ta Yamma.

LOKACIN DA GUDU YA ZAMA ABIN RIGIMA

Gudu shi ne abin da aka sayar wa duniya. Kamfanin Wheeler & Wilson ya yi talla da lissafin cewa rigar namiji da ke cin awa 14 da minti 26 a hannu, keke yana gama ta a awa 1 da minti 16. Amma keke ya haura dala 100 a lokacin da abin da iyali ke samu a shekara bai fi kusan dala 500 ba. Abokin kasuwancin Singer, lauya Edward Clark, ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan a 1856: ka ba da ɗan kafin alƙalami, ka ɗauki keke, kana biya duk wata. Da wannan keke ya shiga ɗakunan talakawa.

Sai dai saurin bai zama hutu ga masu ɗinkin ƙwadago ba. Da 'yan kasuwa suka ga riga ta daina cin yini, sai suka karya kuɗin ɗinkin kowace riga. Macen da ta ci bashin keke ta koma tana taka feda daga safe har dare don ta biya bashin ta kuma ci abinci. A 1866 wani likita a Faris mai suna Guibout ya gabatar da rahoto yana ɗora wa feda laifin rashin lafiyar wasu mata masu ɗinki da suka zo asibitinsa, muhawara ta ɓarke a Turai da Amurka. Wasu daga cikin zarge-zargen likitocin wancan zamani camfi ne kawai game da jikin mace. Gajiyar awa goma sha a kan feda kuwa gaskiya ce.

Daga nan masu ƙirƙira suka shiga neman abin da zai maye gurbin ƙafa. Aka gwada injin da ake ɗaure wa wani nannaɗaɗɗen ƙarfe kamar agogo. Aka gwada ɗan injin da ruwan famfo ke juyawa. A manyan masana'antu aka jera kekuna a dogon tebur, sanda ɗaya da injin tururi ke juyawa ta ratsa ƙarƙashinsu, kowace ma'aikaciya tana taka feda don ta haɗa kekenta da sandar. A nan feda ta tashi daga mai ba da ƙarfi ta koma maƙunni, iyakar gudun kuma mai masana'anta ne ke yanke shi.

ZUWAN LANTARKI

Singer ya fitar da keke mai lantarki a 1889, amma ya ɗauki shekaru da dama kafin ya yaɗu, saboda gidaje ba su da wuta. Da wutar ta wadata a Turai da Amurka, injin lantarki ya kashe biyu daga cikin raunukan nan uku: ba shi da mataccen wuri, kuma alkibla ɗaya ya sani. Sai wilin ya fara ƙanƙancewa, aka daina yi masa ƙarafa kamar na keken hawa, ya koma ɗan dunƙulallen faifai, tunda ba a buƙatar ya tara ƙarfi.

Duk da haka hannu bai bar wurin ba. Injinan farko na gida sukan yi gurnani in an taka a hankali, sai an taimaka musu da hannu su tashi. Manyan kekunan masana'anta kuma injinsu kullum a guje yake, feda haɗa shi da keke kawai take yi, shi ya sa suke fizga. Akwai keken Juki da ke iya suka 5,500 a minti. Mai irin wannan keke in ya zo lungu mai wuya, hannunsa na kan wili kamar kakansa. Sai daga baya da aka samu injina masu ƙwaƙwalwar lantarki, waɗanda ake saita musu iyakar gudu, su kuma tsayar da allura a sama ko a ƙasa da kansu, sannan aka karɓe yawancin aikin nan daga hannu. Ko su ɗin ba a cire musu wili ba. Kuma har yanzu ana ƙera sabon keken ƙafa: kamfanin Janome na Jafan yana da samfurin da al'ummar Amish ta Amurka, masu ƙaurace wa wutar lantarki, suke saye.

YADDA YA ISO GARE MU

Singer ya buɗe masana'anta a birnin Glasgow a 1867, sannan a tsakiyar shekarun 1880 ya koma wata ƙatuwa a Kilbowie, duk a yankin Sikotlan. Daga can ne kekuna suka bazu cikin ƙasashen da Ingila ta mallaka. In ka ga tsohon Singer mai lamba da harafin K, kamar 15K, harafin sunan Kilbowie ne. An rufe masana'antar a 1980.

A ƙasar Hausa ɗinki tsohuwar sana'a ce, ta maɗinka masu allura da suka iya aska takwas da sauran ayyukan babbar riga. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan ƙarfe masu nauyi suka samu hanyar shigowa kantuna. Sabuwar na'ura ta zo da sabon suna ga mai aiki da ita, tela, aron kalmar Ingilishi. Na'urar kuma Bahaushe ya kira ta keke, suna ɗaya da na hawa, tunda duka biyun wili ne da feda. Sassan cikinta kuwa daga masaƙa aka ɗebo musu suna, ƙoshiya da kwarkwaro.

Baƙin keken da ya cika shagunanmu yau, mai hoton malam-buɗe-littafi, jikan Singer samfuri na 15 ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Jafan suka kwaikwayi wannan samfuri suka cika kasuwa da shi. Indiya ma tana da nata Usha, Sin kuma ta yi Butterfly a birnin Shanghai. A can Sin, a shekarun 1970, keken ɗinki na cikin abubuwa huɗu da ake so ango ya tanada, tare da keken hawa da agogon hannu da rediyo. Akwai kuma ɗan uwansa na hannu, wanda teloli masu yawo ke saɓawa a kafaɗa suna kaɗa almakashi. Mariƙinsa yana ba da suka uku a juyi ɗaya. Shi ba shi da matsalar tashi ko tsayawa, amma ya cinye hannun dama gaba ɗaya, kamar na Howe.

Abin da ya sa keken ƙafa bai zama kayan tarihi a wurinmu ba kowa ya san shi. Tela yakan ɗaura wa baƙin kekensa ɗan injin lantarki, amma ba ya yar da bel. Ana ɗauke wuta, musamman a daren jajibirin Sallah, sai ya mai da bel kan wili ya ci gaba. Wanda bai iya feda ba, ranar sai dai ya zauna yana ba masu kaya haƙuri.

ABIN DA YA KAMATA MU LURA

Tsofaffin telolinmu, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin littafin Singer ba, da tsarinsa suke koyarwa. Yaron shago ya fara da guga da sa maɓalli. In an yarda ya hau keke, ba zare, wani lokaci ba allura, ya yi ta takawa har wili ya daina yi masa gardama. Sannan a ba shi takardar buhun siminti ya bi layi, ya yi kwana, ya yi da'ira. Yaro yakan ɗauka wahalar da shi ake yi, alhali hannunsa da ƙafarsa ake sasantawa.

A nan ne nake ganin gyara a yadda ake rabon kekunan ɗinki da sunan tallafi. A tara mata da matasa, a yi musu horon 'yan makonni, a ɗauki hoto, kowa ya tafi da keke a kwali. Wadda aka koya wa yanka da awo amma ba a zaunar da ita ta mallaki wili ba, in ta je gida zare zai yi ta tsinkewa, ƙasa ta yi ta cukurkuɗewa, allura ta yi ta karyewa. Ƙarshe ta ce keken ne ba shi da kyau, a rufe shi da zane a ɗora masa kwanuka, ko a kai shi kasuwa a karyar. Sau da yawa lafiyar keken ƙalau, baya yake juyawa ba ta sani ba, ko bel ne ya yi sako-sako yana zamewa, ko ya yi tsauri yana gajiyar da ƙafa. Mako guda na taka keke ba zare zai ceci jari mai yawa. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Mahayin doki yana da ƙaimi a ƙafa, linzami a hannu, kuma ba a kiransa gwani don dokinsa ya yi gudu, sai an ga yadda ya tsayar da shi a gaban Sarki. Haka tela yake. In kana son sanin gwanintar wanda za ka ba ɗinkinka, kalli hannunsa na dama lokacin da ya doshi kwana.

Na san a wannan zaure akwai teloli, maza da mata, da waɗanda suka tashi a gidan ɗinki. Muna so mu ji daga gare ku: da me aka fara koya muku, kuma wane suna kuke kiran waɗannan sassa a garinku? Sunayen Kano ba lallai su zama na Sakkwato ko Damagaram ba, kuma ya kamata mu rubuta su tun masu su na raye.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.